Yarinyar da Ba Mu Kai Juji Ba

A ƙauyenmu, arewa da Dakoro ta wajen Rumbu, ba wanda ya taɓa ce mini mai wabi a kan idona. A bayan idona kuwa har yara sun san sunan. Idan na iso bakin rijiya sai in ga mace ta gyara goyonta, ta ja zane ta rufe kan ɗanta, sannan ta gaishe ni da fara'a kamar ba ita ba. Ni kuma Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba. Wata rana na ce wa ɗaya daga cikinsu, "Ki ƙara mashi da tabarma mana, kada idona ya huda zanen." Aka taru ana ba ni baki. Amma na san abin da suke gani. 'Ya'ya biyu na haifa, duka biyun na miƙa an kai makwanci. Na farin namiji ne, ya tafi a fitar haƙori. Ta biyun mace ce, zazzaɓin damina ya ɗauke ta tana rarrafe. Babu wanda ya kai ga taka ƙasa da ƙafarsa.

Mu masu bin Almasihu ne, kuma a lokacin gidajenmu a ƙauyen ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Maigidana ya je maganin ido can kudu wajen Maradi bayan aurenmu, ya dawo da ido ya warke da kuma addinin da ba wanda ya aike shi nema. Na yi masa faɗa iyakar ƙarfina, ya saurara, na gaji, daga baya na zauna na ji abin da yake karantawa, na bi. A rumfar kara muke sujada ranar Lahadi, awaki na leƙo mu ta danga. Mai bishara sai an daɗe yake zuwa, saboda haka maigidan ne ke yi mana karatu, yana bin layi da yatsa a hankali yadda yake yin komai. Mutum ne wanda ko gobara ta kama rigarsa sai ya gama amsa gaisuwa kafin ya kashe ta. Wannan hali nasa ya sha ba ni haushi.

Innata Musulma ce, a ƙauyen Mai Yara take. Da ta ji na bi mijina ta yi fushi, ta yi kuka, ta ɗauke ƙafa daga gidana. Bayan wani lokaci sai ga ta a kan jaki da ƙullin kuka da daddawa, tana cewa ita ba ta haifi 'ya don ta bar wa kowa ba. Mutane sun yi ta gaya mata wai addinin da muka ɗauko ne ke cinye mana 'ya'ya. Ba ta taɓa maimaita mini wannan magana ba, kuma har yau ina gode mata.

Na haifi ta ukun bayan an gama kaka, gero na rumbu. Mace ce. Inna ta zo wankan jego da kanwa da yaji da damin sabara, ta kama aiki ba ta ko huta ba. Sai dai na lura ba ta yi guɗa ba, ba ta ce kai, wannan yarinya da kyau take ba. Ta wanke ta, ta naɗe ta a wani tsohon tsumma, alhali ga sabon zane a ajiye.

Ana gobe suna da hantsi ta fito da maganar. Inna ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, saboda kunya. Idan tana son ya ji abu sai ta juya fuska wajen danga ta yi mini magana da ƙarfi. Ranar yana tsakar gida yana gyaran igiyar guga.

"Ke, gobe da sassahe za mu kai ɗiyar ga juji," in ji ta. "Na riga na yi magana da tsohuwar gidan maƙera."

Na san al'adar, kowa ya san ta. Idan mace tana wabi, akan sa jaririn a sakaina, wato ɓarin tsohuwar ƙwarya, a ajiye shi a kan juji inda ake zubar da shara, a juya baya kamar an yar. Sai wata tsohuwa da aka shirya da ita ta biyo, ta ce ta yi tsintuwa, ta ɗauka, ta kawo wa uwar riƙo kawai. Daga nan sai a laƙaba wa yaron suna marar daɗi, ba kwalli, ba dutsen wuya, ba yabo, ba wasa a gaban mutane. Wai don abin da ke ɗauke 'ya'yan ya duba ya ga wannan ba wanda ke son sa, ya wuce. Inna ta ce haka kakarta ta yi tun kafin Nasara su shigo ƙasar, kuma 'ya'yan da aka yi wa sun rayu har sun ga jikoki.

Maigidan ya ajiye igiyar, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Inna, ki yi mani haƙuri," ya ce. "Na san don ƙauna kike hwaɗi. Amma Allah ya ba mu kyauta, ba ni iya ɗaukar ta in kai juji in ce ba ni so. Ina son ta. In na ce ba ni so na yi ƙarya, kuma shi ya san ƙarya nike."

Inna ta ci gaba da kallon danga. "Ke, tambaye shi, biyun da ya ce yana so, ina suke?"

Maigidan ya ce, "Suna hannun wanda ya ba mu su, Inna."

"To ke kin ji," in ji ta. Ta tashi ta hau dakan da ba a sa ta ba, tana buga taɓarya kamar turmin ne ya yi mata laifi.

Ba a kai yarinyar juji ba. Washegari aka taru a rumfa, aka yi addu'a, ubanta ya raɗa mata suna mai daɗi, aka yanka ɗan akuya. Ni ma da bakina na ce wa Inna mu ba ma yin irin wannan, har da ɗaga kai. Ta gama kwanakin jego ta koma Mai Yara ba ta kira sunan ko sau ɗaya ba. "Abar nan" take cewa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ni ma ban kira sunan ba. Ina ba ta nono, ina yi mata wanka, ina goya ta, ba ta taɓa kwana da ƙazanta ba. Amma idan tana tsotso sai in kafa ido a kan azara ko ƙofa. Ba na yi mata tawai, ba na yi mata waƙa. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ke sa hannu sanyi da rana tsaka. Na riga na san yadda ciwon yake idan ka saba da fuska sannan aka ɗauke ta, sai na ce wannan karon ba zan saba ba har sai na tabbata.

To ta yaya zan tabbata? Nan na shiga damun Allah da neman alama.

Akuyarmu na da ciki a lokacin. Na durƙusa a bayan rumbu na ce, "Ya Ubangiji, in yarinyar nan za ta rayu, ka sa akuyar nan ta haifi biyu." Akuya ta tashi ta haifi ɗaya, ƙato, mai lafiya. Na wuni ban ci abinci ba. Da yamma na ce ai ban kyauta ba, wannan haihuwarta ce ta fari, ina za ta samo biyu? Wannan ba ta shiga lissafi ba. Na sake wata. In wanda zai fara yin sallama gobe mace ce, to za ta rayu. Da safe sai ga muryar maƙwabciyata tana neman wuta. Na ji kamar in rungume ta, har ta tsargu. Farin cikin ya kai ni azahar. Daga nan wata zuciyar ta ce, yo ai kullum ita ce ke fara shigowa, wannan ma alama ce? Sai na nemi wata mai wuya.

Haka na zauna. Rijiyarmu mai zurfi ce, da sa ake jan wasaki, babban gugan fata, yaro ya kora san can nesa kafin ruwa ya iso baki. Sai in tsaya ina kallon igiya ina cewa in wasakin ya fito a cike, in bai zube ba. In kazar nan ta yi ƙwai yau. In hadarin nan ya biyo ta gabas. In maigida ya buɗe karatun Lahadi a kan maganar rai ba ta mutuwa ba. Idan alama ta yi kyau ba ta ƙosar da ni, idan ta ɓaci sai ta hana ni sukuni. Na mayar da duk abin da ke motsi a ƙauyen ɗan aiken Allah, har jakin maƙwabta bai tsira ba. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a lokacin na rame har zane ba ya zama a ƙuguna, nonona ma ya fara ja baya.

Maigidan ya lura. Ya tambaye ni, na ce ba komai. Ya sake tambaya, na ce ya ƙyale ni da ciwon kaina. Sai ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya yana yi mata surutu, yana kiran sunanta, tana ɓangale masa baki. Ni kuwa ina gefe ina jin haushinsa, ina cewa a raina wannan mutum bai san tsoro ba ne ko mantuwa gare shi?

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, yarinyar ta fara zama, dasashinta ya kumbura. Wata safiya na taɓa ta na ji jikin kamar garwashi. Ga zawo, ga ƙin nono. Haƙori da zazzaɓin damina, abubuwa biyun da suka raba ni da na baya, sun haɗu a kan yarinya ɗaya. Na zauna a ƙasa da ita a hannu.

Ranar kasuwar Dakoro ce, kuma wani Buzu maƙwabcinmu zai kai raguna da amalanke. Maigidan ya roƙe shi ya ɗauke mu zuwa likita. Shi maigidan zai biyo mu a ƙafa idan ya sami wanda zai riƙe masa dabbobi, sai ya haɗa ni da gwaggonsa. Gwaggo ƙanwar ubansa ce, ita ce mace ta farko da ta bi Almasihu a ƙauyen bayansa. Tsohuwa ce 'yar firit, mijinta ya daɗe da rasuwa, kullum da goro a kumatu. Ta binne 'ya'ya fiye da waɗanda ta raya, amma ba ta da aiki sai tsokana. Shekaruna nawa a gidan, ba ta daina ce mini amarya ba.

Muka tafi a tsakiyar raguna, amalanke na tangaɗi cikin yashi. Ko a hanyar ban daina ba. In mun riski raƙuman can kafin su sha kwana. In ba mu tarar da layi ba. Muka tarar da layi har bakin titi.

Da aka zo kanmu, ma'aikacin likitan ya duba idonta da bakinta, ya danna cikinta, ya yi mata allura, ya ba ni wani magani ya nuna mini yadda zan riƙa ɗura mata da ruwa. Ya ce mu kwana a gari mu dawo da safe. Na riƙe hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba.

"Malam, za ta tashi?"

Ya dube ni da tausayi. "Mun yi namu, baiwar Allah. Ki yi ta ba ta ruwa. Sauran sai mu gani."

Muka fito muka zauna a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, a harabar, muna jiran maigida. Daga can ana jiyo hayaniyar kasuwar dabbobi, shanu na kuka, dillalai na ihu. Yarinyar na kwance a cinyata, numfashinta sama-sama, ni kuma idona na kan katanga.

"Gwaggo," na ce, "ke Allah na jin addu'arki. Ki roƙe shi ya nuna mani wani abu. Ko mi ne ne. In san inda nike."

Ta juya goron zuwa ɗaya kumatun. "Ya nuna maki mi?"

"Alama. In za ta rayu in sani. In ba za ta rayu ba in sani."

"To in kin sani ki yi mi?"

Sai kawai na ji bakina ya buɗe, na zayyana mata komai, tun daga akuya har raƙuman hanya. Ina tsammanin za ta yi salati irin namu ta yi mini wa'azi. Sai ta fashe da dariya, har da buga cinya, mutane na waiwayen mu.

"Amarya, amarya! Akuya kika aika wurin Allah? Ita da ba ta san hanyar gida ba in ba a koro ta ba?"

Raina ya ɓaci. "Gwaggo, ɗiyata na mutuwa kina dariya?"

Ta goge ido da bakin zane, ta nitsu. "Ni ma na yi, shi ya sa. Ni da tsuntsaye na yi nawa. Na wahala har na gode Allah. Bari in tambaye ki. A duk karatun da mijinki ke yi muna, kin taɓa jin inda Allah ya yi maki alkawari ba za ki binne ɗa ba?"

"A'a."

"Ni ma ban ji ba, kuma na kasa kunne sosai, don ita nike son ji. To mi ya ce?"

Ta ci gaba da kanta, tana lissafawa kamar mai faɗin abin da za a sayo a kasuwa. Ya ce ba zai bar mu ba, ko a daɗi ko a wuya. Ya ce yara ƙanana nasa ne. Ya ce wanda ke hannunsa ba mai ƙwace shi, mutuwa ma ba ta iya ba, tunda Almasihu ya shiga kabari ya fito.

"Wannan shi ya hwaɗi, kuma bai ce sai akuya ta sa hannu ba," in ji ta. "Ki roƙe shi lahiyar ɗiyarki, ki yi kuka, ki dame shi, Uba ne. Amma roƙo daban, ciniki daban. Biyun da suka tahi, ke kina ganin wani abu ne ya sace su ya shiga daji da su. Ba a sace su ba. Suna inda nawa suke."

Hawaye suka fara zubo mini. Ba ta rarrashe ni ba, Gwaggo ba ta iya rarrashi ba. Sai ta nuna yarinyar da haɓa.

"Kun hana uwarki ta kai ta juji, kun kyauta. Amma ita baiwar Allah na ɗan lokaci ta so ta ajiye ta, a ɗauko. Ke tun ran suna kika ajiye ta can, har yau ba ki koma kin ɗauko ba. Kina tsammani ban gani ba? In Allah ya bar maki ita, kin yi asarar watannin ga. In ya karɓe ta, ta tahi ba ta san huskar uwarta ba. Dube ta."

Da wani ne ya faɗa mini wannan magana da sai an raba mu. Amma gaskiya ce, kuma na san gaskiya ce tun kafin ta rufe baki. Na sunkuyar da kai na dubi 'yata.

Ashe kunnuwan ubanta gare ta, masu ɗan fitowa waje. Ashe tana da wani ɗan baƙin tabo a gefen wuya. Girarta a haɗe take irin ta Inna. Watanni ina juya yarinyar nan a hannuna ban san ko ɗaya ba. Leɓunanta sun bushe, idanunta a lumshe. Na kira sunanta. Na sake kira. Ta buɗe ido kaɗan ta dube ni, ta mayar ta rufe. Ba wani abin mamaki da ya faru, jikin na nan da zafinsa.

Amma ni wani abu ya sauka daga kaina. Na ce, "Ya Uba, ina son ta. Ka sani ina son ta. Ka bar mini ita. In kuma ka ɗauke ta, wurinka za ta, kuma ba za ka bar ni ni kaɗai ba, kai ka faɗa." Iyakar addu'ar ke nan. Ban ce in kaza ya faru ba. Na nemi abin da zan jingina maganar a kai, sai na ga ba na bukata. Numfashin da na ja a gindin bishiyar nan, rabona da irinsa tun ina da cikinta.

Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan tandun kwalli. "Ungo, sa mata. Ɗiya mace ta shigo birni ido fari kamar ba ta da kowa."

Na sa mata, har ya ɗan zarce gefe. Na ɗura mata ruwan maganin kaɗan kaɗan yadda aka ce. Sannan na jingina da bishiyar, ita a ƙirjina, barci ya kwashe ni da rana tsaka a cikin mutane, baki buɗe, in ji Gwaggo. Da maigidan ya iso, ƙafafunsa duk yashi, ya hango ni a haka sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka an gama. Gwaggo ta ce masa, "Kwantar da hankalinka. Ɗiyar na nan yadda take. Uwar ce ta samu sauƙi."

Mun yi 'yan kwanaki a Dakoro, a gidan wani ɗan'uwan maigidan. Zazzaɓin bai sauka lokaci ɗaya ba. Ya yi sauƙi, ya dawo, ya sake yin sauƙi. Akwai yinin da na ce shi ke nan, na yi kuka har na gaji, amma ina kukan ina kallon fuskarta, ina kiran sunanta. Sannu a hankali ta karɓi nono. Wata safiya ta cije ni, na duba na ga ɗan farin haƙori ya huda. Kafin mu bar garin na shiga kasuwa na sayo mata jigida 'yar ƙarama da dutsen wuya ja.

Ba zan ce halin ya bar ni gaba ɗaya ba. Bayan mun koma gida nakan tsinci kaina ina kallon wasaki yana fitowa, zuciyata ta fara, in ya fito a cike, sai in ce mata ke dai ba ki da aiki, in ɗauki tuluna. Wani lokaci tsoron kan dawo idan ta yi tari. Sai in gaya wa Allah ina jin tsoro, in tuna masa abin da ya ce, in ci gaba da daka.

Inna ta zo bayan an yi girbi. Ta tarar da yarinyar a tsakar gida tana rarrafe, ido rangaɗau da kwalli, jigida na ƙara. Ta dafe ƙirji.

"Ke! Haka kika baje ta kowa na gani? Ba ki da hankali?"

"Inna, ai mai ita ya riga ya gan ta," na ce.

Ta yi tsaki, ta ce mu da addininmu sai Allah. Amma kafin la'asar na leƙo daga madafa na same ta ta ɗora yarinyar a ƙafafu tana yi mata tawai, tana kiran sunanta ƙasa-ƙasa don kada in ji.

Yarinyar ta miƙe, ta kama bango, ta saki. Ta yi tafiya, ta yi gudu, ta fara bin awaki tana jan wutsiyarsu. Da lokacin yaye ya yi, Inna ta aiko cewa a kawo mata ita Mai Yara, ita za ta yaye ta, kamar yadda ake kai yaro wurin kaka. Maigidan ya ce to, amma a gaya wa Inna ban da laya. Inna ta aiko da amsa cewa ta ji, kunu da nonon saniya kawai za ta ba ta, ko shi ma addininmu ya hana?

Na goya ta muka tafi tare da Gwaggo. Muka wuni, aka ci aka sha. Da rana ta yi sanyi Inna ta ɗauke ta ta zagaya da ita bayan ɗaki wai za ta nuna mata 'yan tsaki, ta yi mini alama da ido in tafi. Na naɗe zanen goyon na riƙe a hannu, muka fito.

Sai da muka bar gidajen ƙauyen na ji iska na taɓa bayana, wurin da take kwanciya. Na tsaya cik. Sau biyu a rayuwata na taɓa tafiya haka, nono cike yana ciwo, zanen goyo a hannu, baya ba kowa, kuma duka biyun daga makabarta ake dawowa.

Can sai muka jiyo ta. Ta gane an yi mata wayo. Ta tsala ihu tun daga cikin gidan Inna, ihu mai ƙarfi na yarinyar da ta ƙoshi, har karnuka suka amsa. Tana kirana, tana faɗa, ana ba ta haƙuri tana ƙarawa.

"Halin uwarta," in ji Gwaggo. "Mu tahi, amarya, kada ki koma."

Ban koma ba. Na tsaya dai a tsakiyar hanya, gaban rigata ya jiƙe da nono, ina dariya hawaye na zuba, na ce Gwaggo ta dakata mini kaɗan. Ina so in ƙara jin kukan.